Tun Rasuwar Mahaifiyata Na Kasa Fita, Ga Shi An Sa Sunana A Tattaki

Anti, barka da aiki. Shekaruna 41, ina da yara uku. Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifiyata bayan ta sha fama da cutar daji. Ni na yi jinyarta kusan shekara biyu. Ni ke kai ta asibiti, ni ke ba ta magani, ni ke juya ta cikin dare. Tun da ta rasu na zama kamar ba ni ba. Sai in tashi in yi wa yara abin da ya zama dole, in koma ɗaki in kwanta. Yanzu wata ƙawata ta rubuta sunana, ba tare da ta tambaye ni ba, a wani tattaki na kilomita 5 da za a yi nan da wata biyu don tara kuɗin taimaka wa masu cutar daji. Ta ce zai dawo min da walwala. Ni dai ban ga ta yaya ba. Tafiya ba za ta dawo min da uwata ba. Jikina ya yi nauyi, ko bene na hau sai na yi ta haki. Ina tsoron in fashe da kuka a bainar jama'a, kuma ina jin nauyin neman gudummawa wajen mutane, kada a ce ina neman suna da mutuwar mahaifiyata. Duk da haka wani gefe na zuciyata yana son zuwa. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya sa wahalar da ta sha ta zame mata kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kika yi da ita.

Shawarata ki je. Sai dai ba zan ɗauki alkawarin da ƙawarki ta yi miki ba. Tafiyar awa ɗaya ba ta cire kewar uwa, kuma duk wanda ya ce miki za ki dawo gida ran nan kina dariya kamar da, bai san zafin abin ba. Dalilina na cewa ki je daban ne, kuma yana cikin wasiƙarki.

Duba yadda kika lissafo ayyukanki: ke ke kai ta asibiti, ke ke ba ta magani, ke ke juya ta da dare. Shekara biyu ciwonta ne ke tsara miki yini. Kin san ƙarfe nawa za ki tashi, kin san ranar ganin likita, kin san maganin da ya kusa ƙarewa. Ranar da ta cika, abu biyu kika rasa lokaci guda: uwa, da aikin da ke tayar da ke daga barci. Masu gaisuwa sun yi miki ta'aziyyar na farko. Na biyun ba wanda ya ambata, wasu ma cewa suke yanzu kin huta. Alhali mai jinya da ya saba ana buƙatarsa dare da rana, idan aka wayi gari ba mai kiransa, hutun da kansa yake zame masa ciwo. Saboda haka kwanciyar nan da kike yi kada ki kira ta lalaci, kada kuma ki bari wani ya kira ta haka.

Abin da tattakin zai ba ki shi ne rana tsayayya a gabanki, da aikin da za ki riƙa yi kafin ta zo. A ganina makonni takwas ɗin shiri sun fi ranar taron kanta daraja. Likitocin da ke kula da masu ciwon damuwa sun daɗe da gano cewa wanda zuciyarsa ta mutu, in ya ce sai ya ji sha'awar fita sannan zai fita, zai daɗe yana jira. Shi ya sa ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce a tsara wa mutum ƙananan ayyuka da lokutansu, ya yi su ko yana so ko ba ya so, sai sha'awar ta biyo baya a hankali. Ƙawarki ta yi miki wannan tsarin ne ba tare da ta sani ba, ko da yake ya kamata ta nemi izininki tukuna.

Kafin ki taka ko'ina, ki fara da ganin likita. Wannan hakin da kike yi a bene kada ki ɗora shi duka a kan nauyin jiki. Masu jinya sun fi kowa manta kansu; a yini asibiti amma ba a tuna a ce a auna min jini. A duba miki hawan jini, da suga, da yawan jinin jikinki, domin ƙarancin jini ma yana kawo haki da kasala. In likita ya ce ba komai, sai ki fara da minti goma. Ki fita ki yi minti biyar, ki juyo. Sau uku ko huɗu a mako ya isa da farko. Kowane mako ki ƙara minti biyar. Zuwa mako na shida kin kai minti talatin da biyar ba tare da kin galabaita ba, wanda kuwa ke iya wannan, kilomita 5 ba za ta gagare shi ba, domin mai tafiya ta yau da kullum yakan cinye ta cikin awa ɗaya ko da ɗan ɗori. Ma'aunin saurinki shi ne ki iya hira kina tafiya. In magana ta fara yankewa, ki rage. In kika ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ki, ki tsaya, ki koma wurin likita. Ki samu takalmin da bai matse ki ba ki saba da shi tun yanzu. Sabon takalmi ranar taro bororo yake jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kin ga ko da babu tattakin, abin da jikinki ke bin ki bashi ne.

Yanzu ga maganarki mai nauyi, cewa tafiya ba za ta dawo miki da Mama ba. Gaskiya ne. Kuma galibin waɗanda suka assasa irin waɗannan taruka sun san haka sarai.

Akwai wani saurayi ɗan ƙasar Kanada, Terry Fox. A 1977, yana ɗan shekara 18, aka gano cutar daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, aka yanke ta daga saman gwiwa. Likitoci suka gaya masa cewa da sababbin magunguna, damar rayuwarsa ta kai kashi 50 cikin ɗari, alhali shekara biyu kafin nan kashi 15 ce kawai. Wannan bambanci ya tsaya masa a rai, domin ya ga da idonsa abin da kuɗin bincike ke iya saye. Ya yi wata 16 ana yi masa magani, yana kallon waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi, har da ƙananan yara, wasu suna tafiya ba dawowa. Da ya fito sai ya ƙudura zai ratsa Kanada a guje, daga gabas zuwa yamma, da ƙafar roba. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafar a tekun Atlantika a garin St. John's ya kama hanya. Kullum yana yin abin da ya kai kilomita 42. A makonnin farko ba kowa ya kula da shi ba. Iska da ruwan sama suna dukansa, kuɗin da ke shigowa kaɗan ne, wani wurin ma direbobi ke tilasta masa sauka daga titi. Sai da ya shiga lardin Ontario jama'a suka fara yin dafifi a bakin hanya. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ranar 1 ga Satumba, ya tsaya kusa da garin Thunder Bay. Cutar ta bazu zuwa huhunsa. Ya rasu a watan Yunin 1981 yana da shekara 22.

Bai kai ƙarshen hanya ba, bai kuma ceci ransa ba. Burinsa shi ne kowane ɗan Kanada ya ba da dala ɗaya, lokacin suna kimanin miliyan 24, kuma an cika wannan adadi tun yana raye. Daga 1981 zuwa yau kowace shekara ana gudu da tattaki da sunansa a ƙasashe da dama, ba gasa, ba na ɗaya ba na ƙarshe, kuma abin da aka tara don binciken cutar ya haura dalar Kanada miliyan 850. Na kawo miki labarinsa ne saboda wancan bambanci na 15 da 50. Wasu mutane da bai taɓa gani ba ne suka ba da kuɗin da aka yi binciken da ya ƙara masa shekaru. Maganin da aka yi wa Mama, ko da bai warkar da ita ba, ko allurar da ta rage mata raɗaɗi dare ɗaya, haka ya iso gare ta, ta hannun waɗanda ba su san ta ba. A daren nan akwai wata 'ya zaune a gefen gadon mahaifiyarta tana lissafin kuɗin magani, kamar yadda kika yi. Ita tafiyarki za ta iya yi wa amfani.

Amma kada ki ɗauki irin wannan labari ki mai da shi bulalar dukan kanki. Ina yawan jin ana cewa mai baƙin ciki, dubi wane da ƙafa ɗaya ya yi kaza, ke mene ne uzurinki? Wannan magana zalunci ce. Ba a buƙatar ki zama jaruma. Fita ƙofar gida na minti goma, a halin da kike ciki, aiki ne babba.

Batun kuka kuwa, in har akwai wurin da hawaye ba abin kunya ba ne, to wurin nan ne. Wa kike tsammani ke zuwa tattakin masu cutar daji? Wanda ya warke, da wanda ke kan magani, da wanda ya binne nasa. A Birtaniya akwai wani gudu da ake kira Race for Life, an fara shi a Landan a 1994. Masu shiga sukan maƙala takarda a bayan rigarsu ɗauke da sunan wanda suke yi dominsa. Wadda ke bayanki tana karanta naki, ke kina karanta na ta gabanki: mahaifiyata, mijina, ƙanwata, ɗana. Wata takwas kina ɗaki kina ganin kamar ke kaɗai abin ya sama, domin kowa a kewayenki ya koma harkarsa. Ganin ɗaruruwan mutane da kowa ke ɗauke da irin kayanki yana sauke wani nauyi da lallashi ba ya iya saukewa. Ba sai kin yi wa kowa bayani ba, sun riga sun sani.

Akwai kuma wani da ya fi dacewa da ke. A 1985 wani likitan tiyata a garin Tacoma na Amurka, Gordon Klatt, ya shafe awa 24 yana zagaya filin wasa, gudu da tafiya, har ya yi sama da kilomita 130, ya tara dala 27,000 don ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasar. Daga nan aka samu taron Relay For Life, wanda yanzu ake yi a ƙasashe da yawa, ƙungiya-ƙungiya ana karɓa-karɓa har cikin dare. Zagayen farko na waɗanda suka yi fama da cutar ne. Sannan akwai zagaye na musamman da ake ware wa masu jinya, a tsaya a tafa musu. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, domin mai jinya shi ne wanda ake mantawa. Ana tambayarsa ya mai jiki, ba a tambayarsa ya naka jikin. Ko taron da za ki je ba shi da irin wannan zagaye, ki sani kina da haƙƙin tsayawa a cikinsa kamar kowa. Kin biya kuɗin shiga da dararen da ba ki runtsa ba.

In tsoron zama ta ƙarshe ne ke damunki, a irin wannan taro ba a tambayar wa ya riga wa. Za ki ga masu tura keken jarirai, da masu sanda, da waɗanda ake turawa a keken guragu. Masu shirya parkrun, wato gudu ko tafiyar kilomita 5 kyauta da ake yi duk Asabar a ƙasashe da dama tun da mutum 13 suka fara shi a wani lambun Landan a 2004, har ɗan sa-kai suke sawa ya riƙa tafiya a bayan kowa, don kada wani mahalarci ya zama na ƙarshe. Ki tambayi masu shirya naku ko suna da irin wannan, da inda za a ajiye ruwa, da ko akwai ma'aikatan lafiya a hanya.

Sai maganar neman gudummawa da tsoron a ce neman suna kike yi. Na ji daɗin da abin ya dame ki, alama ce ta zuciya mai rai. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta nuna cewa bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta kuma a ba matalauta ya fi alheri. Duka ƙofofin a buɗe suke. Amfanin bayyanawa shi ne tana jawo wasu su bayar, kuma tattaki dama don haka ake yinsa. Ba dole ne ki sa hoton Mama a intanet ba, ba dole ne ki ba da labarin jinyarta ba. Saƙo gajere ga 'yan'uwa da ƙawaye ya wadatar: zan yi tafiya ranar kaza don taimakon masu cutar daji, wanda ya samu hali ga inda zai tura. Ki ba da bayanin asusun ƙungiyar kai tsaye, kuɗin kowa kada ya bi ta hannunki, kin huta da zargi. In ma duk wannan ya yi miki nauyi, ki ba da abin da kike iyawa ke kaɗai, ki yi tafiyarki. Za ki iya mamakin waɗanda za su amsa. Akwai dangi da suka so su taimaka lokacin jinya suka rasa ta inda za su fara, har yanzu abin yana cin su. Wannan dama ce gare su.

Kada kuma ki raina kaɗan. A 2020, lokacin kullen korona, wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 da abin dogarawarsa kafin ya cika shekara 100, ko ya tara fam 1,000 don ma'aikatan lafiya. Abin da aka tara ya haura fam miliyan 32, kuma ya tafi ga ƙungiyoyin tallafa wa asibitocin ƙasar. Sai dai labarin yana da wutsiya da ya kamata ki sani. Wata gidauniya daban da aka kafa da sunansa ta shiga bincike, kuma a 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bayyana cewa an saɓa ƙa'ida kuma an yi sakaci wajen tafiyar da ita. Kyakkyawar niyyar mai tafiya ba ta wanke hannun mai riƙe da kuɗi. Don haka ki tambaya, ba kunya: ƙungiyar tana da rajista? Kuɗin bara ina ya tafi, wane asibiti, marasa lafiya nawa? Nawa ake cirewa na riguna da shirya taro? Masu gaskiya ba sa jin haushin irin wannan tambaya, da murna suke amsawa. In aka fara yi miki kwana-kwana, ki ci gaba da atisayenki, ki kai gudummawarki inda kika yarda da shi. Ke da kika yi zaman asibiti kin fi kowa sanin inda buƙata take.

Abu ɗaya da ba kasafai ake gaya wa mutane ba shi ne washegarin taro. An yi mako takwas ana shiri, an yi tafiya, an rungumi juna, an watse, sai gida ya sake yin shiru. Mutane da yawa sukan ji zuciya ta faɗi a kwanakin nan. Ki shirya masa tun yanzu. Ku tsayar da ranar fita ta gaba ke da ƙawarki kafin ranar tattakin ta zo, in kuma kin haɗu da wata mai irin halinki a hanya, ki karɓi lambarta.

Sannan ki kula da wannan da kyau. Tattaki taimako ne, bai maye gurbin magani ba. Wata takwas kina kwance ba ƙaramin abu ba ne. In barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kina zargin kanki cewa da kin yi kaza da ba ta mutu ba, ko tunanin gara ki bi ta yana zuwar miki, ki gaya wa likitan da zai auna ki, a wannan zuwan, kada ki jira. In tunanin cutar da kanki ne, yau za ki faɗa wa wani na kusa da ke, ba gobe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi da ya daɗe yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin larurorin da ake yi wa magani, kuma ana samun sauƙi. Neman taimako bai saɓa wa haƙuri da ƙaddara ba.

Ita kuma ƙawarki, tunda ita ta sa sunanki, ki ɗora mata nata kason. Ki ce kin yarda, bisa sharaɗin za ta riƙa zuwa ƙofar gidanki a ranakun atisaye, domin ranar da ba ki son tashi, sallamarta ce za ta fitar da ke. Ki ja yaranki su ma wata rana. Kakarsu suka rasa, kuma sun daɗe suna kallon ƙofar ɗakinki a rufe. In ranar taron ta zo kika ga ƙafa ta ƙi, ki je duk da haka ki tsaya wurin raba ruwa, masu shiri kullum suna neman hannu. Ki kira ƙawar taki yau ku sa ranar farko, kuma ki rubuto min bayan mako biyu in ji yadda likita ya ce.